Ba Gam Kaɗai Ke Riƙe da Akwatin Kifi Ba

Akwatin kifin ado mai tsawon santimita 120, faɗi 60, tsayi 60, yana cin ruwa lita 432 idan aka cika shi fal. In ruwan gishiri ne irin na teku, wanda ya ɗan fi ruwan sha nauyi, ruwan kaɗai ya haura kilo 440. A ƙara nauyin gilashin, da duwatsun da murjani ke kamawa, da yashin da aka shimfiɗa a ƙasa, sai a tarar an wuce rabin tan. Buhun siminti goma ke nan da ɗoriya, zaune a falo dare da rana, shekara da shekaru. Kuma ba ƙasa kaɗai ruwan ke dannawa ba. Gilashin gaba na irin wannan akwati yana shan turi na kusan kilo 220, ruwan na neman ture shi waje ba dare ba rana.

Me ke riƙe da shi? A akwatunan da aka saba gani a da, akwai firam na roba ko na ƙarfe a sama da ƙasa, wani lokaci har da sanda a tsakiya mai hana gilashin gaba da na baya buɗewa. Sai aka shiga yayin akwati marar firam, gilashi zalla, wanda Takashi Amano na Japan da kamfaninsa ADA suka taimaka wajen yaɗawa, masu kiwon murjani da kifin teku kuma suka rungume shi hannu bibbiyu. Yana da kyau, wannan ba a musu. Amma da aka cire firam, an bar aikin gaba ɗaya a wuyan abu biyu: kaurin gilashi, da siririn layin gam na silikon da ke tsakanin gilashi da gilashi. Shi ya sa akwatin da ya kai tsayin santimita 60 akan yi shi da gilashi mai kaurin milimita 12 ko sama da haka, don kada ya yi ciki, kuma don gam ɗin ya sami faɗin wurin kamawa.

Silikon gam ne mai juriya. Ruwa ba ya cin sa, gishiri ba ya narkar da shi, kuma idan ana jan sa daidai wa daida a duk tsawon mahaɗin, yakan yi shekaru bai gaza ba. Rauninsa ɗaya ne: ba ya son a riƙa ɓare shi daga gefe guda. Da zarar nauyi ya taru a kusurwa ɗaya, sai ya fara saki daga nan, kaɗan-kaɗan, ruwa ya kutsa inda ya saki, ya ƙara tura shi gaba. Abin da ke tara nauyi a kusurwa ɗaya kuwa, sau da yawa, ba a jikin akwatin yake ba. Yana ƙarƙashinsa.

A nan ne nake ganin mutane suna yin sakaci mai tsada. Mutum zai zuba kuɗi a gilashi mai haske, da fitilu, da famfo, da kifayen da aka ɗauko daga wata uwa duniya, sannan in an zo maganar mazauni sai ya ce kowane kabad ma ya isa. Alhali akwati marar firam yana bukatar duk gindinsa ya zauna a kan shimfiɗa ɗaya, miƙaƙƙiya, wadda ba ta lotsawa. Mai firam a kan gefunansa yake tsayawa, wannan kuwa a kan cikinsa gaba ɗaya. Idan saman mazaunin ya lotsa a tsakiya ko da milimita biyu ne, gilashin ƙasa zai so ya bi shi, gilashin gaba da ke tsaye kuwa ba zai lanƙwasa ta wannan fuska ba. Wa zai biya bashin wannan saɓani? Gam ɗin da ke tsakaninsu.

Karkata iri biyu ce, kuma ya kamata a bambanta su. Idan mazaunin ya ɗan gangara gaba ɗaya zuwa gefe guda, ruwan zai fi yawa a can, ba daɗi, amma gindin na nan a miƙe. Mugunyar ita ce murɗewa, wato kusurwa uku sun zauna, ta huɗu tana reto. Wannan ce ke yi wa mahaɗi kisan mummuƙe. Ido ba ya ganin ta, domin nauyin ruwa yakan danne komai har ya yi kamar ya zauna daram, alhali gam ɗin na cikin wahala tun ranar farko.

Sai kuma abin da aka yi mazaunin da shi. Kabad da yawa ana yin su ne da katakon garin itace da aka matse, irin su MDF, an lulluɓe da leda mai sheƙi. A ɗakin kwana ba laifi. A ƙarƙashin ruwan gishiri kuwa wani zance ne, domin a cikin kabad ɗin ne ake ajiye ƙaramin tankin tace ruwa, wanda ke fitar da danshi da feshin gishiri kullum. Ruwa ya sami kafa ta ramin kusa ko ta gefen da ledar ta ɗaye, katakon ya sha, ya kumbura, ya yi laushi, kuma ba ya komawa yadda yake ko ya bushe. Buɗe ƙofar irin wannan kabad bayan wasu shekaru, ka shafa gefen ƙasa da yatsa: za ka ji ya yi tudu-tudu, hinjin ya yi jar tsatsa, ƙofar da a da take rufuwa lif yanzu sai an ɗaga ta. Ƙofar da ta daina rufuwa daidai saƙo ce, tana cewa kabad ɗin ya motsa. Na ƙarfe ma bai tsira ba in ba a yi masa fenti mai kyau ba, don gishiri da ƙarfe ba sa ga maciji, kuma daga wurin walda tsatsar kan fara.

Ga wanda ke kafa irin wannan akwati a ƙasashenmu, a otal ko ofis ko gida, akwai ƙarin abin lura. Katakon da bai gama bushewa ba yakan tsuke da hunturu ya kumbura da damina, ga kuma gara. Tayil ɗin ɗaki ma ba kullum yake kwance daidai ba. Kafinta ko mai walda zai iya yin aiki mai ƙarfi, amma sai an gaya masa nauyin a fili, da kilo, an kuma nuna masa cewa ƙafafun ne za su ɗauki kayan kai tsaye har ƙasa, ba kusoshi ba. A sa lebur irin na magina a auna tsawo, a auna faɗi, a auna daga kusurwa zuwa kusurwa. In za a yi ciko, a ƙarƙashin mazaunin ake yi, ba a ƙarƙashin gilashi ba. Siririn soson da ake shimfiɗawa a gindin akwati yana maganin ƙwayar yashi ko kan kusa da zai iya tsaga gilashi, amma ba ya gyara mazaunin da ya murɗe.

Ba na cewa duk laifin na mazauni ne. Akwai gam da aka shafa a kan gilashin da ba a goge maiƙonsa ba, akwai wanda aka cika wa ruwa kafin ya gama bushewa, akwai kuma ƙirar da ke barin gilashin gaba yana rataye a waje ba tare da komai a ƙarƙashinsa ba, don kawai ya dace da fuskar ƙofar kabad. Mai akwatin ma yakan sa hannu: rezar da ake kankare gansakuka da ita, in ana kai ta har kusurwa, tana yanka gam a hankali. Haka jan akwati da sauran ruwa a ciki don a share bayansa. Ko manyan injiniyoyi mahaɗi yakan ba su tsoro. Ranar 16 ga Disamba 2022, katafaren akwatin AquaDom da ke cikin wani otal a Berlin ya fashe da asuba, ruwa kusan lita miliyan ɗaya ya malale har titi, kifaye wajen 1,500 ke ciki, mutum biyu suka ji rauni. Shi na roba mai kama da gilashi ne, ba irin na gida ba, amma cikin dalilan da masu bincike suka ɗauka da muhimmanci har da sakin mahaɗi.

Abin da ke kwantar da hankali shi ne, mahaɗi ba kasafai yake saki ba tare da ya yi gargaɗi ba. A ɗauki tocila a haska kusurwoyi daga gefe, musamman na ƙasa inda ruwa ya fi dannawa. Gam mai lafiya launinsa ɗaya ne daga sama har ƙasa. Idan aka ga wani wuri ya yi fari-fari ko yana ƙyalli kamar iska ta shiga, a yi masa alama da biro a jikin gilashi ta waje, a duba bayan kwana biyu. Ƙananan kumfa da suka zo da shi daga masana'anta ba sa motsi. Wanda ke girma shi ne abin tsoro. Farin gishiri da ya bushe a bakin mahaɗi, a wurin da feshi ba ya kaiwa, shi ma shaida ne cewa ruwa na tsattsafowa.

In haka ta faru, a fara da kashe wutar da ke ƙarƙashin akwatin, domin ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki sosai, kuma yawanci soket na nan cikin kabad. Sannan a rage ruwan. Turin da gilashi ke sha da zurfi yake tafiya, har ma idan aka rage ruwan zuwa rabi, turin yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ruwan da aka kwashe a zuba a duro mai tsabta, a mayar da kifi da murjani ciki tare da famfo mai motsa ruwa. Kada a ce za a shafa sabon gam a kan tsohon ta waje: sabon silikon ba ya kama busasshe da kyau, kuma wanda ake sayarwa don banɗaki yana ɗauke da maganin fumfuna mai kashe kifi. Gyaran gaskiya sai an raba gilashin, an kankare tsohon gam tas, an sake haɗawa. Kafin a mayar da akwatin wurinsa kuma, a sauke komai daga kan mazaunin a sake auna shi, a gwada akwatin da ruwa a tsakar gida na wasu kwanaki tukuna.