Mai jitar bas na Dublin ya samu fim, namu na Parakou fa?

A makon jiya ƙanena ya turo mini wani fim ta waya, ya ce, "Yaya, kalli wannan, baƙar fata ne a tsakiyar Turawa." Na zauna a ƙofar gidanmu a Zongon Parakou na kalle shi har ƙarshe. Fim ne a kan rayuwar Phil Lynott, mawaƙi kuma mai kaɗa jitar bas na ƙungiyar Thin Lizzy ta ƙasar Ayilan. Sunan fim ɗin Songs for While I'm Away, Emer Reynolds ce ta shirya shi, ya fito a 2020.

An haifi Lynott a Ingila a 1949, uwarsa 'yar Ayilan, ubansa mutumin Guyana. Kakarsa ce ta raine shi a unguwar Crumlin ta birnin Dublin, lokacin da ganin baƙin yaro a can sai an tona. Duk wanda ya tashi a Zongo ya san ciwon a haife ka a gari, amma kullum ana tambayarka daga ina ka zo. Sun kafa Thin Lizzy a 1969, a 1976 waƙarsu "The Boys Are Back in Town" ta zagaye duniya. Ƙungiyar ta watse a 1983, miyagun ƙwayoyi suka ci ƙarfinsa, ya mutu ranar 4 ga Janairu 1986 yana ɗan shekara 36.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda mutanensa suka adana shi. 'Ya'yansa mata biyu sun yi magana a fim ɗin, abokan kiɗansa sun ba da labari, ga tsoffin hotuna da muryarsa. Tun 2005 mutum-mutuminsa yana tsaye a Dublin.

Mu ma fa mun yi makaɗa. A shekarun 1970 Super Borgou de Parakou, ƙarƙashin Moussa Mama, tana waƙa da Baribanci da Dandanci, kamfanin Albarika Store yana buga faya-fayanta. Amma kamfanin Analog Africa na Jamus ne ya tattara waƙoƙin a faifan The Bariba Sound a 2012. A kudu an san Gustave Bentho na Poly-Rythmo. A nan arewa na tambayi samari da dama wa ke riƙe bas a Super Borgou, kowa ya yi shiru. Ni kaina na ji kunya, don ban ba su amsa ba.

Haka jitar bas take. Tsirkiya huɗu ce masu kauri, sautinta yana can ƙasa, ita ke ɗaure ganga da sauran jitoci. Ana rawa a kanta, amma tafi na mawaƙi ne. Lynott ya tsira daga wannan mantuwar ne don shi ke riƙe da makirfo.

Ranar Asabar na hau mota zuwa Djougou wajen wani dattijo, abokin mahaifina, wanda ya kaɗa bas a bukukuwa yana saurayi. Yanzu tela ne, idonsa ya fara rauni. Na ce, "Baba, ina jitar?" Ya yi dariya ya ce, "Yaro, an sayar tuntuni, an sayi keken ɗinki." Ko hoto ɗaya ba shi da shi. Jikokinsa ma ba su san ya taɓa kiɗa ba.

Na jingina wayata a jikin keken, na roƙe shi ya ba ni labari. Ya lissafa abokan kiɗansa, yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, yatsunsa suna motsi a kan gwiwarsa kamar jitar tana nan.

Jama'a, ba sai mun jira baƙo ya zo daga Turai ba. Duk mai irin wannan dattijo a gida ko a unguwa, ya je ya gaishe shi, ya nemi izininsa, ya ɗauki muryarsa tun yana iya magana. Ni dai zan koma Djougou ranar Asabar mai zuwa, Baba ya ce bai gama ba.