Kafin ki saya wa ɗanki injin kafinta, ki duba wuta

A ƙungiyoyin da nake zagayawa, mata da yawa kan ɗauki rance daga asusu su saya wa ɗa ko maigida zarto mai aiki da lantarki ko injin goge katako, a buɗe ɗan shago a zaure. Sana'a ce mai kawo kuɗi. Amma duk wadda ta zo mini da wannan shawara, tambayata ta farko ita ce: wutar fa, daga ina za a jawo ta?

Wayar da ke yawancin gidajenmu ta ƙwan fitila da cajin waya ce, inji kuwa ci gare shi. Soket mai ƙafa uku da ake amfani da shi a Najeriya amfiya 13 yake ɗauka, wato wajen wat 3,000. Zarton hannu ɗaya kan ci wat 1,200 zuwa 1,800, kuma lokacin tashi yakan ja fiye da haka sosai. To ki lissafa: zarto da injin goge katako da fanka, duk a soket guda, ta siririyar wayar nan ta kasuwa mai baki huɗu. Waya za ta yi zafi, roba ta narke, ga garin katako ko'ina a ƙasa. Shi kuwa garin katako tartsatsi ɗaya ya ishe shi.

Don haka ni nakan ce a sa kuɗin wayarin a cikin lissafin rancen tun farko. A kira mai wayarin da ya san aikinsa, ya jawo wa shagon layi nasa daban daga akwatin wuta, da waya mai kaurin milimita 2.5, da makashinsa shi kaɗai. Ya haɗa wayar ƙasa. Ki ce masa ya sa na'urar nan da ke yanke wuta da kanta in ta fara jan mutum, ta miliamfiya 30. Tana da ɗan tsada, amma ba ta kai kuɗin asibiti ba.

Janareta kuma waje ake ajiye shi, nesa da taga, domin gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, mutum na barci take kashe shi. Ƙaramin nan na kunna talabijin ba zai ɗauki zarto ba, ƙonewa zai yi.

In an ɗauke wuta ana cikin aiki, a kashe inji a zare fulogi nan take. In ba haka ba, da an dawo da wuta zarto zai tashi shi kaɗai, ga yara suna shiga zaure suna fita.

Gobara in ta tashi daga waya, kar a watsa ruwa. A kashe wuta daga akwati, a zuba yashi. Bokiti ɗaya cike a bayan ƙofa ya isa. Wanda wuta ta riƙe kuma, kar ki kama shi da hannu, ki ture shi da busasshen katako, a kai shi asibiti ko da ya ce lafiyarsa ƙalau.