Yadda Manhajar Intanet Ke Ajiye Bayanai: Misali Daga Harkar Susu a Nima

Manhajar intanet, wato shirin da ake buɗewa ta burauza a waya ko kwamfuta, ba ta riƙe komai da kanta. Abin da aka shigar mata yau ba za a same shi gobe ba sai in tana da ma'ajiya. Wannan ma'ajiya ita ce rumbun bayanai, kuma wanda ya fi yaɗuwa shi ne rumbu mai alaƙa, wanda ke tsara bayanai a jadawali daban-daban, kowanne da layuka da gurabe, sannan a ɗaure wannan jadawali da wancan ta hanyar lamba. Edgar Codd, masanin lissafi ɗan Ingila da ke aiki a kamfanin IBM, shi ya fito da tsarin a 1970. Bayansa Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka ƙirƙiro SQL, harshen da har yau ake ba rumbu umarni da shi. MySQL da ya fito a 1995, da PostgreSQL, da SQLite na 2000, duk ana samun su kyauta.

Harkar susu a zangunan Akra ta isa misali. Mai susu yana zagaya kasuwar Nima da lungunan Mamobi kullum, yana karɓar zubi daga mahauta da teloli da masu sayar da shinkafa da wake, yana sa alama a katin kowa. Ƙarshen wata ya mayar wa mutum kuɗinsa, ya cire zubin kwana ɗaya a matsayin ladansa. In za a mayar da littafinsa cikin rumbu, jadawali ɗaya ba zai wadatar ba. Za a buɗe na masu zubi, inda kowa ke da layi guda: suna, lambar waya, wurin sana'a. Za a buɗe na zubi, inda kowane kuɗin da aka karɓa ke da nasa layin: rana, adadi, da lambar wanda ya zuba. Lambar da ta keɓanta da kowane mutum ita ce babban mabuɗi. Idan ta bayyana a jadawalin zubi sai ta zama mabuɗin alaƙa. Amfanin rabuwar shi ne, in mace ta sauya lambar waya, wuri ɗaya za a gyara, ba layi talatin ba.

Suna ba ya zama mabuɗi, musamman a zango. Unguwar da ta tara Hausawa da Dagomba da Kotokoli da Zabarmawa da Fulani, mutum ɗaya yana iya zama Mohammed a takardar makaranta, Muhammad a makarantar allo, Mamman a bakin maƙwabta, ga kuma wasu goma masu sunansa a layi ɗaya. Lambar Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, ba ta maimaituwa, amma bayani ne mai nauyi da bai kamata ya riƙa yawo a kowane jadawali ba. Abin da ya fi shi ne rumbun ya ba kowa lambarsa ta cikin gida.

Kowane gurbi yana da irin abin da yake karɓa, kuma a nan sababbin hannu suka fi tuntuɓe. Lambar wayar Gana tana farawa da sifili. In aka adana ta a matsayin adadi, sifilin zai ɓace, don haka rubutu ake ɗaukarta. Kuɗi kuwa ana adana shi da nau'in DECIMAL, ko a ƙirga shi da fesewa, ɗari a sidi ɗaya, don kada ƙananan kurakuran lissafin kwamfuta su taru. Akwai ma wani tarko na gida: tun sauyin kuɗi na 2007, da sidi 10,000 na da ya koma sidi ɗaya, har yanzu wasu na kiran sidi 100 miliyan ɗaya. Manhajar kirki takan tsaya ta nemi tabbaci in adadi ya wuce kima. Haruffan ɓ, ɗ, ƙ da rubutun ajami suna buƙatar tsarin haruffa na UTF-8, wanda a MySQL ake zaɓa da sunan utf8mb4. In an bar wani tsohon tsari, Ɗanlami zai fito da alamar tambaya a farkon sunansa.

Haɗin kansa ba dogon aiki ba ne. Burauza ba ta magana da rumbu kai tsaye; takan aika buƙata ga sabar, inda shirin da aka rubuta da PHP ko Python yake, shi kuma ya buɗe hanya zuwa rumbu da abu biyar: adireshin na'ura, lambar ƙofa, sunan rumbu, sunan mai shiga, da kalmar sirri. Ƙofar MySQL ita ce 3306, ta PostgreSQL 5432. Ɗalibar da ta zauna a aji irin wanda shirin Tech Needs Girls na Regina Honu ya buɗe wa 'yan mata a Nima za ta iya rubuta waɗannan layuka ba da wata wahala ba. Abin kiyayewa biyu ne: kada a rubuta kalmar sirrin cikin shirin da za a ɗora a GitHub, kuma kada a ba manhajar ikon da ya wuce aikinta.

Umarni huɗu ne ke tafiyar da bayanai: INSERT na shigarwa, SELECT na dubawa, UPDATE na gyarawa, DELETE na gogewa. Biyun ƙarshe suna da haɗari, domin in aka manta sharaɗin WHERE, gyaran da aka nufi mutum ɗaya da shi zai hau kan kowa. A sha'anin kuɗi ma gogewa ba dabara ba ce. In an shigar da zubi bisa kuskure, sai a ƙara wani layi da zai soke shi, da sunan wanda ya soke da lokacin, yadda ranar da aka yi gardama za a ga abin da ya faru.

Babbar ɓaraka ita ce liƙa abin da mai amfani ya rubuta kai tsaye cikin umarnin SQL. Ɓarawo zai iya cusa nasa umarnin a gurbin suna, rumbu ya zartar, ya kwashe ko ya share komai. Maganinsa shiryayyen umarni ne: a aika umarnin da gurabensa a buɗe, bayanin ya biyo baya daban, ta yadda rumbu ba zai taɓa ɗaukarsa a matsayin umarni ba. PDO na PHP yana da wannan, Django na Python kuma yana yin sa da kansa.

Wanda ya ga dumsor na 2015, wato yawan ɗaukewar wutar lantarki a Gana, ya san wuta ba ta sallama kafin ta tafi. Biyan kuɗin ƙarshen wata mataki biyu ne, rubuta abin da aka biya da rage ajiyar mutum, kuma yankewa a tsakiya na barin lissafi a karkace. Saboda haka ake ƙulle matakan a dunƙule ɗaya: ko duka su tabbata da COMMIT, ko duka su warware da ROLLBACK. Zubin da ya shigo ta MoMo, tsarin tura kuɗi ta waya wanda MTN ta fara a Gana a 2009, yana zuwa da lambar ciniki. In aka hana gurbinta karɓar lamba ɗaya sau biyu, saƙon da ya maimaitu ba zai ninka kuɗin ba. Ana kuma kwafe rumbu kullum da abu irin mysqldump, a ajiye kwafin a wata na'ura a wani gini, a riƙa gwada mayar da shi lokaci-lokaci, don kwafin da ba a taɓa gwadawa ba yakan ƙi buɗuwa ranar buƙata.

Doka ma tana da hannu a ciki. Dokar Kare Bayanai ta Gana ta 2012, mai lamba 843, ta wajabta wa mai tara bayanan mutane ya yi rajista da Hukumar Kare Bayanai, ya karɓi abin da aikinsa ke buƙata kawai, ya tsare shi. Mai zubi yana da haƙƙin ganin abin da aka rubuta a kansa da neman a gyara kuskure, kuma in ɓarayi suka kai ga rumbun, dole a sanar da hukumar da mutanen da abin ya shafa.