Gwano Mai Farautar Gara

Masana sun kasa tururuwa gida gida. Gwano da cinnaka gidansu ɗaya, watau masu ƙari a gindi da su ke harbi da shi. Gara kuwa ba ta cikinsu, 'yar'uwar kyankyaso ce.

Ana samun gwano a Afirka kudu da Sahara, tun daga Senegal har Afirka ta Kudu. Babban abincinsa gara. Su kan fita a jere, su faɗa mata, su komo rami da ganima a baki.

Saboda haka dagatai su gargaɗi manoma, kada a zuba wuta a ramin gwano don warinsa, balle kusa da rumbu ko gonar gyaɗa, inda gara ta ke ɓarna.