Yadda ake magance kuskuren "undefined reference to pthread_create" a Linux

Duk mai koyon yaren C da ya fara rubuta manhajar da ke gudanar da ayyuka da yawa a lokaci guda, da wuya bai ci karo da wannan saƙo ba: undefined reference to `pthread_create'. Ya sa #include <pthread.h>, kod ɗinsa lafiya lau, amma manhajar ta ƙi ginuwa. Wasu har kwana suke yi suna sauya layukan da ba su da laifi.

Matsalar ba a kod take ba. Da farko kamfaila ce ke juya kod zuwa yaren na'ura, daga nan linka ta haɗa shi da laburaren da yake buƙata. Fayil ɗin pthread.h sunan aikin da siffarsa kawai yake sanar da kamfaila. Ainihin aikin yana cikin laburaren libpthread. Idan ba a ce wa linka ta ɗauko shi ba, ta ji suna ke nan ba ta ga mai shi ba.

Maganin shi ne:

gcc -pthread main.c -o main

Idan ana gina fayiloli daban-daban kafin a haɗa su, a sa -pthread a duka matakan biyu. Masu amfani da -lpthread kuma su kula da inda suka ajiye shi. Linka daga hagu zuwa dama take karatu, don haka a sa shi bayan main.c. In ya riga shi, tana iya tsallake laburaren.

A CMake, layi biyu sun wadatar:

find_package(Threads REQUIRED)
target_link_libraries(main Threads::Threads)

Akwai abin da ke rikita mutane da yawa: kod ya ginu a kwamfutar mutum, ya ƙi ginuwa a sabar. Dalili shi ne tun glibc 2.34, wanda ya fito a watan Agustan 2021, an mayar da libpthread cikin libc. Ubuntu 22.04 na ɗauke da 2.35, shi ya sa ba ya ƙorafi ko an manta -pthread. Ubuntu 20.04 kuwa 2.31 gare shi, ba ya yafewa. Umarnin ldd --version zai nuna wanda ke kan na'ura.

Saboda haka a riƙa sa -pthread kullum. A sabon tsari ba ya cutar da komai, a tsoho kuwa sai da shi.