Ko Kun Sani? Kwanson Harsashi: Ƙarfe ko Tagulla

Ko kun san cewa ba kowane kwanson harsashi mai ƙyalli ba ne tagulla? Bindigar AK-47 da ake gani a kafaɗar 'yan sanda a kan hanyar Lafiya zuwa Akwanga tana cin harsashi mai lamba 7.62x39, wanda Tarayyar Sobiyet ta ƙirƙiro a 1943. Galibin wanda ake ƙerawa a Rasha da Sin kwansonsa ƙarfe ne, an shafa masa fenti ko ruwan jan ƙarfe don kada ya yi tsatsa. A kara masa maganaɗisu, nan take zai manne. Na tagulla ko gezau.

Dalilin zaɓen ƙarfe shi ne arha. Tagullar harsashi haɗi ce ta jan ƙarfe kashi 70 da tutiya kashi 30, kuma jan ƙarfe na da tsada. Sai dai kuɗin bai tafi a banza ba: idan aka harba, tagulla kan buɗe ta toshe hayaƙi, sannan ta tsuke ta fito salin-alin. Ƙarfe ba ya buɗewa da tsukewa haka, yana barin dauɗa a ciki, kuma a bindiga mai matsattsen ciki yakan maƙale. AK ba ta damu ba, domin kwanson harsashinta mai tsukakken gaba ne, cire shi ba wuya. Da damina kuwa, inda fentin ya goge nan tsatsa ke kamawa.

A Najeriya wannan zaɓi na hukumomin tsaro ne kaɗai, domin dokar makamai ta 1959 ta hana farar hula riƙe irin wannan bindiga ba tare da lasisin shugaban ƙasa ba.