Daga Filin Makaranta Zuwa Olamfik: Makomar Yaro Mai Gudu

(Kiɗan buɗe shiri)

Masu sauraronmu na Rigasa, tun daga Bakin Ruwa har tashar jirgin ƙasa, da sauran jama'ar Kaduna da duk inda muryarmu ke kaiwa, barkanmu da wannan lokaci. Shirinmu na musamman a yau ya leƙa fagen guje-guje ne. Idan Allah Ya hore wa yaro ɗan shekara 15 ko 16 gudun da ya zarce na tsaransa, me ke kai shi ga zama zakaran duniya? Me kuma ke sa a neme shi a rasa? Ku biyo mu.

(Kiɗa)

A watan Disambar 2024, a birnin Brisbane na ƙasar Ostireliya, wani ɗalibin sakandare mai suna Gout Gout ya kammala tseren mita 200 cikin daƙiƙa 20.04. A lokacin shekarunsa 16. Iyayensa 'yan asalin Sudan ta Kudu ne da suka yi ƙaura zuwa can. Da wannan gudu ya rushe tarihin ƙasar na daƙiƙa 20.06, wanda Peter Norman ya kafa a gasar Olamfik ta 1968 a birnin Meziko, aka kuma shekara 56 babu wanda ya iya taɓa shi. Nan take labari ya karaɗe duniya, ana cewa ga magajin Usain Bolt ya bayyana.

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Haka ne. Sai dai a fagen tsere akwai tafiya mai nisa tsakanin Larabar da Juma'ar, kuma shi kansa Bolt shaida ne. A 2002, yana ɗan shekara 15, ya lashe tseren mita 200 a gasar matasa ta duniya a birnin Kingston na ƙasarsu Jamaika. Bayan shekara biyu ya je Olamfik a birnin Athens da ciwo a ƙafa, aka fitar da shi tun a zagayen farko. Yana fama da karkacewar ƙashin baya, tsokar bayan cinyarsa kuma na yawan ba shi matsala. Kocinsa Glen Mills ya zauna da shi, ya ƙarfafa masa baya da ƙugu, ya gyara masa yadda yake jefa ƙafa. Sai a 2008, shekara shida bayan nasarar Kingston, ya ci zinare a Beijing. A 2009 kuma, a Berlin, ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9.58, mita 200 cikin daƙiƙa 19.19.

Me ya sa waɗannan shekaru ke da haɗari? Na farko, jikin yaro bai gama ginuwa ba. Ƙashi na ƙara tsawo, tsoka da jijiya na biye da shi, idan aka ɗora masa atisayen manya sai wani wuri ya yage. Na biyu, wani yaron jikinsa ne kawai ya riga na tsaransa girma. Yakan yi ta cin tsere yana ɗan shekara 15, amma da sun kai 20 sai su kamo shi, su wuce. Na uku, a matakin manya abin da ke raba mai zinare da wanda zai koma gida hannu rabbana bai kai ƙiftawar ido ba. Rage kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa kan ci shekaru ana aiki a kan tashi daga layi, da riƙe gudu, da abinci, da barci. Ga kuma kuɗi da suna da ke zuwa kafin hankali ya gama zama.

Duk da haka, ana tsallake wannan siraɗi, har ma a nan Afirka. Letsile Tebogo na Botswana ya lashe mita 100 a gasar 'yan ƙasa da shekara 20 ta duniya a Nairobi a 2021, ya sake lashewa a birnin Cali na Kolombiya a 2022 da daƙiƙa 9.91. Ya ci gaba da horo a hannun kocinsa ɗan ƙasarsu. A 2024, a birnin Paris, ya ci zinaren mita 200 da daƙiƙa 19.46, zinaren Olamfik na farko a tarihin Botswana.

(Kiɗa)

Masu sauraro, mu dawo gida. Akwai masu ɗaukar cewa gajeren tsere na mutanen Kudu ne, ɗan Arewa ba shi da rabo a ciki. To ga labarin Abbas Abubakar Abbas, wanda aka haifa a Kano a 1996. A Najeriya ya fara gudun mita 400. Tun bai kai shekara 20 ba ƙasar Baharain ta ɗauke shi. A 2014, yana ɗan shekara 18, ya ci tagulla a gasar matasa ta duniya a birnin Eugene na Amurka, sannan ya ci azurfa a gasar wasannin nahiyar Asiya a birnin Incheon na Koriya ta Kudu. A 2019, a gasar duniya ta Doha, yana cikin mutum huɗun da suka ciyo wa Baharain tagulla a tseren miƙa sanda na maza da mata. Tare da shi akwai Salwa Eid Naser, ita ma haifaffiyar Najeriya, wadda ta ci zinaren mita 400 a wannan gasa. Ƙasar Hausa ce ta haifi Abbas, amma tutar wata ƙasa ya ɗaga.

Ba a kansa aka fara ba. Francis Obikwelu ya lashe wa Najeriya mita 100 da mita 200 a gasar matasa ta duniya a Sydney a 1996. Daga baya ya koma Fotugal, ita ya ciyo wa azurfar Olamfik a 2004. Kafin mu zargi waɗannan matasa, mu dubi abin da waɗanda suka tsaya a gida ke gani. A Olamfik ta Tokyo a 2021 an hana 'yan wasan Najeriya 10 shiga fili, domin ba a yi musu adadin gwajin ƙwayoyi da doka ta gindaya ba. A Paris a 2024, Favour Ofili ta cancanci shiga mita 100, amma jami'ai ba su sanya sunanta ba. Matashin da ya ga haka, wace hujja za ka ba shi ya zauna?

(Kiɗa)

To ina Rigasa a cikin wannan zance? Rigasa, a ƙaramar hukumar Igabi, na cikin unguwanni mafiya yawan jama'a a Arewa. Kowace shekara makarantunta na yin gasar intahaus, wato gasar wasanni tsakanin ɗaliban makaranta ɗaya. A nan ake ganin yaron da zai bar 'yan uwansa da taku goma, a yi masa tafi, a ba shi kofi ko littafin rubutu, kowa ya watse. Sau da yawa ba wanda ya riƙe agogo, ba wanda ya rubuta lokacinsa, ba wanda ya kai sunansa gaba. Shi ma yaron ƙwallo ce a ransa, domin ita yake ganin tana da makoma.

Alhali Kaduna ba baƙuwar wannan harka ba ce. Sau biyu ta karɓi baƙuncin gasar wasanni ta ƙasa, a 1977 da 2009, ga filin wasa na Ahmadu Bello a tsakiyar gari. Abin da ya tsinke shi ne tsanin da ke ɗaukar yaro daga filin makaranta zuwa gasar shiyya, zuwa ta jiha, zuwa ta matasa ta ƙasa. Jamaika ba wani asiri take da shi ba illa wannan tsani: tun 1910 take gudanar da gasar makarantun sakandare, har yau kuma filin wasan ƙasar cika yake yi idan ta zo.

Akwai abubuwan da ya kamata iyaye da malamai su sani. Duniya ba ta karɓar lokacin gajeren tsere a matsayin tarihi sai wanda na'ura ta auna, kuma idan iskar da ke tura mai gudu ta wuce mita 2 a daƙiƙa, ba a lissafa shi. Don haka dole yaro ya riƙa shiga gasa mai rajista. Takardar haihuwa ta gaskiya ita ce jarinsa. Wanda aka rage wa shekaru zai ci ƙananan yara a yau, ya tsaya cik gobe. Makaranta kuma ba abar bari ba ce, domin ta hanyar tallafin karatu a wata jami'ar Amurka Tobi Amusan ta samu horon da ya kai ta ga kafa tarihin duniya a tsallake shinge na mita 100, da daƙiƙa 12.12, a 2022. Sannan a nisanci ƙwayoyin ƙara kuzari da masu tallarsu. Divine Oduduru ya ci azurfa a gasar matasa ta duniya a 2014, ya yi daƙiƙa 9.86 a 2019, amma a 2023 aka dakatar da shi na shekara shida kan wannan laifi.

'Ya'ya mata ma suna da gurbi. Ruqaya Al-Ghasra ta Baharain ta ci zinaren mita 200 a gasar Asiya ta 2006 a Doha, kanta a rufe, jikinta a suturce. Sutura ba ta hana gudu.

Saboda haka kiranmu ga shugabannin makarantun Rigasa shi ne, a intahaus mai zuwa a auna fili daidai, a riƙe agogo, a rubuta suna da shekaru da lokacin kowane yaro, a miƙa wa hukumar wasanni ta jiha. Ga gwamnati da masu hannu da shuni, a farfaɗo da gasar makarantu, a horar da malaman motsa jiki, a ɗauki nauyin takalmin gudu da kuɗin motar yaran da suka yi fice. Ga iyaye kuma, ku yi haƙuri da ɗanku, kada ku bari a gaggauta shi. Baiwa daga Allah take, amma rainonta a wuyanmu yake.

A nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Mu kwana lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)